Sunan Mai Fansho

Shekarar da muka koma unguwar Darrasa a ƙasar Masar ni da maigidana, a wani tsohon bene muka samu haya, bayan babban masallaci, ta layin masu sayar da littattafai. Shi yana karatun digiri na uku, ni kuma ina ta fama da Larabci a ajin mata. A hawan da ke samanmu akwai wata tsohuwa Bakanuwa da duk ɗaliban unguwar ke kira Inna. Wani malamin Larabci ɗan Masar ne ya aure ta lokacin da gwamnatinsu ta tura shi koyarwa Kano, da wa'adinsa ya cika ya taho da ita. Ya ci gaba da koyarwa a makarantun gwamnati har ya yi ritaya, daga baya Allah ya yi masa rasuwa. Ba su taɓa haihuwa ba. Bayan ta fita takaba dangi sun so ta koma gida, ta ce ita ba ta barin garin da kabarinsa yake.

Da faɗa muka fara sanin juna. Wata safiya maigidana ya sauka ya manta makullinsa, na leƙa ta matakala na ƙwala masa kira da sunansa gatsau, yadda na saba. Sai na ji wata murya daga sama, cikin Hausar Kano tsantsa, tana tambaya ko ƙanena nake kira. Na ɗaga kai na ce mijina ne. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce to Allah ya shirya. Tun daga ranar ba ta da abin kirana sai 'yar zamani.

Ita kuwa, duk zaman da na yi da ita ban taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba. Malam take cewa, in da Larabawa take magana ta ce Ustaz. Akwai wani mai kanti a ƙasan benenmu da suke suna ɗaya da marigayin, shi ma ya shiga cikin waɗanda ba ta faɗin sunansu. In za ta aike ni sai ta ce in je wurin mai sunan Malam in karɓo shinkafa. Ni abin dariya yake ba ni a lokacin, na sha tsokanarta da cewa Malam ɗin ai ba ya nan balle ya ji. Sai ta ce ita tana nan, kuma tana ji.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci falonta cika yake da ɗalibai, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, kowa ya naɗe ƙafa a kan darduma ƙarƙashin hoton Malam. Tuwon shinkafa take yi da miyar ayoyo, ganyen nan da Misirawa ke kira mulukiya suna ji da shi kamar su suka ƙirƙiro shi. Ita daddawa take saka masa, wadda ake kawo mata tsaraba daga gida. A nan na fara gane akwai matsala, ranar da wani ɗan Damagaram ya tauna tsakuwa a tuwon. Ya daure ya haɗiye don kunya, amma na ga fuskarsa, kuma na san Inna ba ta barin tsakuwa a shinkafa. Bayan 'yan kwanaki na hau wurinta da la'asar na same ta da Alƙur'ani a buɗe a cinya tana karatu. Na zauna ina jira ta kai aya. Ta karanta abin da ya fi shafi uku ba ta juya takarda ba.

Da na tambaye ta idon, sai ta ce da sauƙi. Na ja ta bakin taga na duba da kaina. Yanar ido ta rufe na dama fari fat, na hagu ma ta fara hawa. Tsohuwa ce mai zaman kanta a saman bene, ba ɗa ba jika, in idon nan na biyu ya tafi ban san yadda za ta yi ba.

Ɗalibai suka ce za su yi karo-karo a kai ta asibitin kuɗi. Ta ce atafau, ɗan makaranta ba shi ake yi, ba a karɓa daga hannunsa, kuma duk wanda ya sake tayar da maganar ya nemi wani wurin cin tuwo. Ana cikin haka wata maƙwabciyarta Bamisiriya, tsohuwar ma'aikaciya, ta tambaye ni ko Hajja ba ta da ta'amin, wato inshorar lafiya, tunda mijinta ma'aikacin gwamnati ne. Na kai wa Inna maganar. Ta ce akwai wani kati da ɗan wan Malam ya yi mata bayan rasuwa, yana cikin gwangwanin biskit, ba ta taɓa amfani da shi ba kuma ba ta da niyya. A ganinta sadakar gwamnati ce ta waɗanda ba su da kowa, ita kuwa Malam bai bar ta a wulaƙance ba.

Kalmar ta'amin na san ta, amma a ajin fiƙihu, inda ake ta kai ruwa rana kan halaccinta. Na sa maigidana ya hau ya yi wa Inna bayani. Bawan Allah ya gyara zama ya kawo maganganun malamai, wannan ya ce kaza, wancan ya yi raddi, ya raba na kamfani da na gwamnati, ya kawo hujja ya kawo jawabi. Inna ta saurare shi tsaf har ya dire. Ta ce Allah ya ƙara ilimi, sannan ta tambaye shi ko za a ƙaro masa miya.

Da na ga wannan hanyar ba ta ɓulle ba, sai na ɗauki katin na tafi asibitin ta'amin na yankinmu ni kaɗai, na zauna a benci cikin tsofaffi. Ban taɓa shiga aji mai daɗi irin wannan ba. Tsofaffin Masar ba a roƙonsu magana. Tambaya ɗaya na yi, dattawa suka yi caa a kaina, kowa na gyara wa ɗan uwansa, wani na nuna mini da sanda inda zan fara da inda zan ƙare. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya fahimtar da ni kalmar da ta fi kowace amfani, wato ishtirak. Ya ce wani ɗan abu ne da ake cirewa daga albashin ma'aikaci duk wata tun yana da ƙarfinsa, in ya yi ritaya a ci gaba da cirewa daga fanshonsa, in ya rasu matarsa ta nema a ci gaba da cirewa daga nata kason. Ya ce da ni in gaya wa Hajja babu mai yi mata alfarma, nata ne.

Na dawo na zayyana mata. Ta ja carbinta, sannan ta ce:

"Wato Malam ya yi zubi?"

Na ce tun yana aiki.

"Ni ma ana zuba mini daga fansho ban sani ba?"

Na ce haka suka ce.

"To ai adashi ne, 'yar nan. Gwamnati ce uwar adashi. Me ya hana mijinki ya faɗa mini haka tun farko?"

Ta ce in dai ɗauka ce ta zo kanta, ba ta ga abin kunya ba. Washegari da safe na same ta ta shirya, ta yafa babban mayafinta, tana jirana a bakin ƙofa.

Daga nan muka shiga karatu sosai, ni da ita. Larabcin kasuwa da na maƙwabta Inna ta fi ni nesa ba kusa ba, amma na ofis ba ta taɓa buƙatarsa ba, Malam ne ke shiga ya fita. Ni nake kwaso kalmomin daga benci, ita take saka musu rigar Hausa. Likitan farko da kowa ke fara gani, wanda suke kira mumaris, ta ce mai unguwa ne. Shi ba ya yanke hukunci a babbar magana, sai dai ya rubuta maka tahawil, takardar da za ta wuce da kai gaba. Likitan ido da za a tura mu wurinsa ta ce dagaci. Lajna kuwa, wato kwamitin likitocin da ke zama su amince a yi wa mutum aiki, ta ce wannan zauren hakimi ne, ba a faɗa masa kai tsaye sai an bi ta hannun na ƙasa. Na yi mamakin yadda abin da ya ruɗa ni kwana da kwanaki ya zauna mata daram cikin yini guda. Har ta kai in na yi gaggawa ina son mu tsallake wata taga, ita ke riƙe ni ta ce ba a haka, mu bi ta kan mai unguwa.

A gaban mai unguwar ne ta kusa ɓata mana shiri. Tsofaffin da suka riga mu shiga kowa jero ciwonsa yake yi kamar mai talla, daga gwiwa har ƙeya. Da aka zo kan Inna likita ya tambaye ta me ke damunta, sai ta ce alhamdu lillahi, lafiya lau. Ya sake tambaya, ta ce da sauƙi ƙwarai. Na ga ya jawo takarda zai rubuta maganin ɗigawa ya sallame mu. Na zungure ta, na ce da Hausa a nan ba gaisuwa ake yi ba. Ta harare ni da idon da ya rage, sannan ta ce da likita ita kam ta gode wa Allah, amma rubutun Alƙur'ani ya daina fito mata. Ya ajiye alƙalami ya haska idon, nan take ya rubuta tahawil.

Likitan ido ya ce aiki za a yi, kuma kada a ja lokaci. Aka sa mana ranar zaman lajna. Sai dai katin ya tsufa, dole a sabunta shi, kuma kafin a sabunta sai mun je wani ofishi a Wustul Balad, can tsakiyar gari, an tabbatar har yanzu tana cikin masu haƙƙi. A nan na koyi kalmomi biyu na ƙarshe. Ma'aikacin da ya yi aikin ya bar fansho shi ne sahibul ma'ash, mai fansho ke nan. Wadda ke ci ta dalilinsa bayan ransa ita ce mustahiƙƙa, wato mai haƙƙi. Na faɗa wa Inna a cikin mota, ta gyaɗa kai kawai, hankalinta na kan riƙe jaka.

Ma'aikacin da muka samu a tagar wani magidanci ne mai furfura jefi-jefi, kofin shayi a gabansa, ga alama tun safe yake fama da mutane. Ya duba katin, ya dubi Inna, ya dube ni. Sannan ya tambaye ta, ba tare da wata manufa ba, matar wane ne ita.

Inna ta ce matar Ustaz.

Ya yi murmushi ya ce rabin mutanen garin nan ustazai ne, wanne daga ciki. Na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga mini hannu ya ce ita zai ji. Inna ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ya sake tambaya a hankali, yana ɗaga murya kaɗan ko ba ta ji ba. Shiru. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ga baƙar tsohuwa da katin matar Bamisire, ba ta iya faɗin sunan mijinta ba, ga wata baƙuwa a gefe tana neman saka mata magana a baki. Ya ce ya sha ganin ana zuwa da katin wani, shi ba ya zargin kowa, amma matar da ba ta san sunan mijinta ba sai ta kawo takardar aure.

Ni da ma ba a taɓa yabona da haƙuri ba. Na hau shi da bayani, na ce al'adarmu ce, mace ba ta faɗin sunan mijinta saboda girmamawa. Larabcin littafin da nake taƙama da shi ya watse, ina haɗa shi da Hausa ban sani ba. Mutanen layi suka fara ƙorafi. Ya ce ma'alish, wato mu yi haƙuri, ya miƙo mana katin. Yau in na tuna ba na ganin laifinsa, aikinsa yake yi, kuma bai taɓa jin irin wannan al'ada ba. Amma a ranar da zan iya da na fasa gilashin tagar nan.

Haka ranar lajna ta wuce mu, aka ce sai wani zaman, makonni a gaba. Muka kamo hanyar gida. Ni kuma raina a ɓace yake, har da ita. Da muka hau bene na kasa daurewa, na ce Inna suna ne fa kawai, ido guda ya rage miki, in kin faɗa sau ɗaya wa zai ce kin yi rashin kunya. Ta lalubi bango ta shige ɗaki.

Juma'ar da ta biyo baya ba a yi tuwo ba. Na hau da abinci na same ta zaune a ƙarƙashin hoton, ko Alƙur'anin ba ta buɗe ba. Na ɗauka tsoron makanta ne ya kama ta, na fara ba ta baki cewa ranar za ta zo. Sai ta katse ni, ta ce in maimaita mata kalmomin nan biyu na cikin mota. Na maimaita. Ta tambaye ni ita mai haƙƙi ce ta dalilin wa. Na ce ta dalilin Malam, sunansa ne a sama, nata a ƙarƙashi, in babu nasa babu nata.

Da ta buɗe baki muryarta a dushe take.

"Tun ina yarinya nake ɓoye sunan nan don duk wanda ya ji ni ya san mijina ne. Yau na ɓoye shi, an ce ba mijina ba ne."

Sai a lokacin na gane ba idon ne ya hana ta cin abinci ba. Tausayinta ya kama ni. Na tambaye ta takardar auren, ta ce tana ƙasan akwati. Na ciro ta, ta yi ja don tsufa, rubutun alƙalin Kano da Larabci, ga hatimin ofishin jakadanci a baya. Na ce da ita shi ke nan, wannan ta wadatar, in mun koma ba sai ta ce komai ba, ni zan miƙa takarda ita ta yi shiru abinta. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Da muka koma ofishin, mutumin nan dai muka sake samu. Ya gane mu tun daga nesa, mai yiwuwa saboda rashin mutuncin da na zuba masa. Na miƙa takardar ban ce komai ba. Ya karanta a tsanake, ya gwada da abin da ke cikin kwamfuta, ya dubi Inna ya ce ta yafe masa, ya Hajja, aiki ne ya gaji haka. Ya jawo katin ya ɗaga hatimi zai buga.

Inna ta lalubo bakin tagar ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta ce da shi cikin Larabcinsu:

"Ɗana, sake yi mini tambayar nan ta rannan."

Ya ce ba sai an yi haka ba, komai ya yi tamam. Ta ce ta sani, ya dai tambaya. Ya dube ni, na kawar da kai, don ni ma ban san abin da take nufi ba. Sai ya ajiye hatimin ya ce:

"Matar wane ne ke, ya Hajja?"

Ta gyara tsayuwa ta janye mayafin daga fuskarta. Ta faɗi sunansa, da na mahaifinsa, da na kakansa, yadda Misirawa ke jerawa. A na farko muryarta ta yi rawa, kamar mai taka matakalar da ba ta sani ba, sauran kuwa suka fito sarai har na bayanmu suka ji. Ta ƙara da cewa malamin Larabci ne, ita ce matarsa, daga Kano ya ɗauko ta, Allah ya jiƙansa. Mutumin ya ce amin, wata tsohuwa a bayanmu ma ta ce amin. Ya buga hatimin ya miƙo katin da hannu biyu.

A bakin titi ta kama wuyan hannuna don mu tsallaka, na ji tafinta sharkaf da gumi. Ban taɓa ganin jarumta irin ta ranar ba, kuma na faɗa mata haka. Ta ce in rufe mata baki, abin da na ji a can in bar shi a can. Ta kuma ce kada in ɗauka ta ba ni lasisin tsayawa a matakala ina kiran mijina kamar mai kiran akuya. Na riƙe mata alkawarin farko, shi ya sa babu sunan a cikin wannan rubutu. Na biyun kam sai a hankali.

Lajna ta zauna ta amince, aka yi aikin idon dama, aka ce na hagu sai ya biyo baya. Ranar da aka cire bandeji muka dawo gida, ta tsaya a tsakiyar falo tana kallon kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ashe labulen nan ya yi datti haka ba wanda ya gaya mata. Da aka samu tabarau bayan wasu makonni na ɗauko mata Alƙur'ani. Ta karanta shafi guda da yatsa a kan layi, ta kai ƙarshe ta juya takarda, ni kuwa na fita baranda don kada ta ga hawayena ta samu abin tsokana.

Da na dawo na tarar ta buɗe gwangwanin biskit ta ciro katin. Ta kai shi kusa da taga, ta ɗora yatsa a kan layin sama inda aka rubuta sunan mai fansho, ta bi shi a hankali daga dama zuwa hagu har ƙarshe. Na zuba wa bakinta ido. Ko motsi leɓɓanta ba su yi ba. Ta goge katin da gefen mayafi, ta mayar ta rufe gwangwanin.

Sannan ta juyo ta ce jibi Juma'a, in sauka wurin mai sunan Malam in karɓo mata shinkafa, ita za ta tsince da kanta.